Dabarar Riƙe Mai Karatu: Daga Landan Zuwa Zariya

A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, ba kowa ke iya sayen sabon littafin labari dunƙule guda ba, saboda tsada. Mujalla mutane suke saye. Charles Dickens yana da wata mai fitowa mako-mako, sunanta All the Year Round, kuɗinta kwabo biyu, a ciki ake buga dogon labari kashi-kashi. To, in kashin wannan mako bai bar mutum da ƙishin ji ba, mako mai zuwa ba zai fid da kwabonsa ba. Wannan larura ta ciniki ita ta koya wa marubuta yadda ake jan ran mai karatu.

Gwanin abin shi ne Wilkie Collins. A 1868 mujallar ta buga labarinsa mai suna The Moonstone. Wani lu'ulu'u ne aka sato daga Indiya, aka ba wata budurwa, Rachel, ran da ta cika shekara 18. Kafin gari ya waye ya ɓace daga ɗakinta. Collins bai bar mutum ɗaya ya ba da labarin ba. Ya jera mutane kamar shaidu gaban alƙali, kowa ya faɗi iyakacin abin da ya sani: tsohon baran gida, da lauya, da wata 'yar'uwa mai yawan raba takardun wa'azi, wadda ya yi wa ba'a har abin ya so ya yi yawa. Kowa da guntun gaskiyarsa, ba mai ita duka.

Ɗan sanda Cuff ya lura an goge ɗanyen fenti a ƙofar ɗakin, ya ce a nemi tufar da ta ɗebi fentin. Tufa ta ƙi ganuwa, Rachel kuma ta ƙi buɗe baki. Sai da masu karatu suka yi makonni suna zargin wannan suna zargin wancan, sa'an nan Franklin Blake, saurayin Rachel, wanda ya fi kowa zafin neman ɓarawo, ya tono rigar barcin daga inda aka ɓoye ta a bakin teku. Ya duba sunan da ke jikinta, sai ya ga nasa. Ashe wani likita ne ya sa aka ba shi maganin barci bai sani ba, ya tashi cikin magagi ya ɗauke dutsen, Rachel tana kallo. Dalilin shirunta ke nan. Alamun duk suna nan tun farko, mai karatu ne ya wuce su.

A ƙasar Hausa ma an san jan rai, amma shahararren misalinsa ya bi wata hanya dabam. A 1936 Abubakar Imam ya je Zariya wurin Rupert East, ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. A littafi na ɗaya ba a ɓoye wa mai karatu kome ba. Ya san Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, ya san Waziri ya ƙulla makirci, ya san in ɗan sarki Musa ya fita daga gida ya shiga hannun maƙiya. Musa ne bai sani ba. Kowane dare sai ya yi shirin fita, aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Tambayar Collins ita ce wa ya yi. Ta Imam kuwa, ko bakin tsuntsu zai ishi daren nan.

Mai karanta Littafi Mai Tsarki ya daɗe da sanin wannan hanya ta biyu. Tun daga Farawa sura 42 ya san mai mulkin Masar Yusufu ne, 'yan'uwansa goma kuwa sun rusuna a gabansa ba su gane shi ba. A sura 44 ya ga lokacin da aka sa ƙoƙon azurfa cikin buhun Biliyaminu. Duk da haka, da wakilin Yusufu ya cim musu a hanya, marubucin bai sa shi ya nufi buhun nan kai tsaye ba. Ya fara da na babbansu, yana bi ɗaya bayan ɗaya, buhu goma ba a sami ƙoƙo ba, na autan ne ƙarshe.