Yadda Aka Raba Aljihun Sarki da Baitulmali

Wani mai saurarenmu, manomin shinkafa daga Bunkure, ya aiko da takarda yana cewa sun yi gardama a kasuwar Kura: wai shin harajin da kakanninsu suka riƙa biya, sarki ne ke cinyewa da iyalinsa, ko kuwa akwai inda ake lissafinsa?

To Malam, amsar ta danganta da zamanin da kake nufi. Kafin zuwan Turawa a 1903, babu wani shinge tsakanin dukiyar gidan sarki da ta ƙasa. Talaka ya biya zakka da kuɗin ƙasa, mai lambu ya biya kuɗin rafi, marinan Kura kuwa su biya kuɗin karofi. Jakada ne ke zuwa karɓa, ya cire nasa, hakimin da ke zaune a birni ya cire nasa, saura ya isa fada. Ka ga kafin wuri ya kai hannun Ma'aji ya sha yanka. Amma kada ka ɗauka duk ci ne kawai. Daga nan ake ciyar da baƙi da malamai, a sayi dawaki, a gyara ganuwa. Manyan bayin sarki, wato Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, su ke riƙe da hidimar gida da gandayen sarki irin na Nassarawa da Fanisau. Abin da babu shi ne takardar da talaka zai riƙe shaida.

Baitulmali na zamani a Katsina aka fara shi, a 1907, zamanin Sarki Dikko da Bature Palmer. Kano ta bi a 1909, lokacin Sarki Abbas da Razdan Temple. Aka yanka wa sarki albashi, aka yanka wa hakimai da alƙalai, sauran kuɗi kuma sai da kasafi a rubuce. Ba don tausayin talaka kaɗai Turawa suka yi haka ba, don rabin harajin su ke ɗauka, kuma ba sa son ya zube a hanya. Duk da haka, da kuɗin nan na En'e aka kawo wa birnin Kano ruwan famfo da lantarki zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Shingen nan ya taɓa girgiza gadon sarauta. A 1962 kuɗin En'e ta Kano suka yi ƙaranci, gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa Bature Muffett ya bincika. A 1963 Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus, ya koma Azare. Har yau dattawa na gardama, wasu su ce lissafi ne ya kama shi, wasu su ce saɓani ne tsakaninsa da Sardauna. A ganinmu duka biyun sun taka rawa.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya fitar da Baitulmali daga hannun sarakuna, Gwamna Abubakar Rimi kuma ya soke haraji da jangali a 1979. Don haka, Malam, kuɗin ruwan da kuke biya a aikin noman rani da madatsar Tiga ke shayarwa ba fada yake zuwa ba, na Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne. Idan kachala ta toshe magudanarku, can za ku kai kuka, kuma ku tafi da rasit ɗinku a hannu.