Shekarar da Rediyo Ke Korar Ma'aikata

A damunar 1975, jiragen ruwa fiye da 400 ne suka yi cirko-cirko a bakin tekun Legas suna jiran layin sauke kaya, kuma yawancinsu siminti suka ɗauko. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yi odar kimanin tan miliyan 20, tan miliyan 16 daga ciki na ma'aikatar tsaro kaɗai, alhali tashar ba ta iya sauke fiye da kusan tan miliyan ɗaya a shekara. Duk ranar da jirgi ya kwana yana jira, sai an biya mai shi kuɗin zama. Wani simintin ma a cikin jirgin ya daskare ya koma dutse. Kuɗin man fetur ne ya zo a yayin da ba a shirya masa ba, masu rabon kwangila kuwa suka ga banza ta faɗi.

Tun kafin nan jama'a sun fara magana. A 1974 wani ɗan kasuwa, Godwin Daboh, ya yi rantsuwa a kotu yana zargin kwamishinan sadarwa na tarayya, Joseph Tarka, da cin hanci, har Tarka ya ajiye muƙaminsa. Wani mai suna Aper Aku ya bi sahu da zargin gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk. A wannan karon Gowon ya wanke gwamnansa, mai ƙarar ne ya kwana a tsare. Daga ranar talaka ya gane inda aka dosa.

Ranar 29 ga Yuli, 1975, Gowon yana taron ƙasashen Afirka a Kampala aka kifar da shi ba tare da an zubar da jini ba. Birgediya Murtala Ramat Muhammed, ɗan Kano mai shekara 36, wanda shi ne ya gaji kujerar Tarka a ma'aikatar sadarwa, ya karɓi ragama. Bai ɓata lokaci ba. Ya sauke gwamnoni 12 gaba ɗaya, kwamitin binciken kadarori ya samu 10 da laifi, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma ne kaɗai suka fita tas. Aka ƙwace gidaje da filaye.

Sai guguwar ta faɗa kan ma'aikata. Fiye da mutum 10,000 aka sallama cikin 'yan watanni: manyan sakatarori, alƙalai, 'yan sanda, malaman jami'a, har Babban Jojin ƙasa, Taslim Elias. Dalilan da ake bayarwa su ne rashawa, tsufa, rashin lafiya ko lalaci, kalmar da ta fi yawo kuwa ita ce "nan take". Da yawa a labaran rediyo ko shafin jarida suka fara jin an kore su. Talakawa sun yi murna, kuma ba za a ga laifinsu ba, domin an daɗe ba a ga babba ya ji kunya ba. Ofisoshi suka cika da ƙarfe takwas na safe.

Amma a nan ne gizo ya yi saƙa. Mafi yawan waɗanda aka kora ba a zaunar da su an ji ta bakinsu ba. Wani takardar ƙorafi marar sa hannu ce ta ci shi, wani kuma gabar da ke tsakaninsa da maigidansa a ofis. Icce ɗanye ya ƙone tare da busasshe. A ganina, abin da waɗanda suka tsira suka koya ya fi korar kanta tsada: cewa shekara 25 ta aikin gaskiya ba ta tabbatar wa mutum fansho, saboda haka gara ya tanadi nasa tun yana kan kujera.

Murtala bai rayu ya gyara wannan ba. Safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, yana cikin cunkoson motoci a Ikoyi ba tare da ayarin tsaro ba, yaran Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe wa motarsa wuta. Kwana 200 ya yi a mulki. Gomwalk yana cikin waɗanda aka harbe a watan Mayu bisa wannan yunƙurin juyin mulki, Aper Aku kuwa ya zama gwamnan Binuwai a 1979. A 1993 kuma gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar da ta mayar wa tsofaffin gwamnoni da dama kadarorin da aka ƙwace musu.