Mai Ƙuri'a, Marar Kati

A Lakwaya da sauran mazaɓun Gwarzo da Kabo, akwai mutanen da ba sa fashin zaɓe, amma ka tambaye su jam'iyyarsu sai su ce ba su da ita. 'Yan boko kan kira wannan rashin wayewa. A ganina gadon tarihi ne.

Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, katin jam'iyya ya zama abu mai tsada ga talaka. Dagaci da hakimi da alkali da ɗan doka duk na En'e ne, ita kuwa En'e tana tare da NPC. Manomin da aka san ɗan Sawaba ne yana iya ganin an tsananta masa a haraji, ko an gurfanar da shi gaban alkali kan maganar da ba ta taka kara ta karya ba. A birni akwai 'yan jarida da lauyoyi. A ƙauye babu mai jin kukanka. Mutane da yawa suka koyi riƙe ra'ayinsu a ciki, 'ya'yansu kuma suka tashi suna gani.

Daga baya sai katin ya yi arha. PRP ta ci Kano a 1979, ba a jima ba ta dare gida biyu, santsi da taɓo, har Abubakar Rimi ya koma NPP kafin zaɓen 1983. A 1989 gwamnatin Babangida ta ƙirƙiri SDP da NRC da kanta, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi. Wa zai ba da ransa saboda jam'iyyar da soja ya haifa? Kada a manta kuma an yi zaɓen ƙananan hukumomi ba jam'iyya a 1976 da 1987 da 1996.

Jamhuriya ta huɗu ta ƙarasa aikin. Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC, ya dawo, sannan ya shiga NNPP a 2022. Ko a gida, Abdullahi Tijjani Muhammad Gwarzo ya yi mataimakin gwamna a ANPP daga 2007, ya nemi gwamna a ACN a 2011, daga bisani ya zama ɗan APC. Idan masu rumfa suna canza ta haka, mai zama a inuwa bai ga dalilin yin rantsuwa da ita ba.

Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takarar da ba shi da jam'iyya ba, don haka marar kati dole ya dangwala wa wata alama. Abin da ya rage masa shi ne raba ƙuri'a. A 2023 NNPP ta lashe Kano a zaɓen shugaban ƙasa da na gwamna, amma kujerar sanatan Kano ta Arewa ta tafi ga Barau Jibrin na APC, ɗan Kabo.