Daga dutsen guga zuwa "Laundromat": sunayen wanki da tarihinsu

Jama'a, ƴaƴanmu da ke karatu a waje sukan ba mu labarin wani shago inda mutum ke zuba kuɗi cikin inji, ya wanke kayansa da kansa, ba ruwansa da mai wanki. A Amurka ana ce masa "Laundromat". To, ina sunan ya samo asali?

Irin wannan shago ya ɓulla a Fort Worth, jihar Texas, a shekarun 1930, ana kiransa "Washateria", wato an kwaikwayi sunan gidan abincin da mutum ke ɗibar wa kansa. Shi kuwa "Laundromat" sunan haja ne, wanda kamfanin Westinghouse ya raɗa wa injin wankinsa a shekarun 1940. An haɗa kalmar wanki ta Ingilishi da ta na'ura mai aiki da kanta. Sannu a hankali sunan inji ya zama sunan shago, kamar dai yadda mu nan kowane garin sabulu Omo ne.

Mu ma kalmominmu suna ɗauke da tarihi. Sabulu daga Larabci ya zo. Kafin ƙarfen guga, bugu ake yi: mabuga su shimfiɗa babbar riga kan gungume, su yi ta dukanta da sanduna har ta yi ƙyalli. Ƙarfen ya zo, na gawayi da na lantarki, amma har gobe dutsen guga muke cewa. Bayan shigowar Faransawa Damagaram a 1899, sunaye sun bi harshen mai mulki. Shi ya sa allunan shaguna a Zinder ke ɗauke da "Pressing", kalmar da Faransanci ya aro daga Ingilishi, ƴan uwanmu na Kano kuma ka ji sun ce "washaman".

Amma fa injin nan ruwa da wuta yake ci. Mu da muka san ƙishirwar Damagaram, wadda tana cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birni Yamai a 1926, mun san a Hamdara wanki na nan hannun mata da ƴan wanki da guga, kuma da shi wasu ke ci da iyali. Ranar da injin ya iso, abincinsu zai fara taɓawa.

Saboda haka tun yanzu mu yi tunanin makomarsu, mu kuma nema wa shagon suna da bakinmu kafin a raɗa mana. "Wanki da kanka" bai isa ba? Dattawa, muna saurare.