Man Fitila Kafin Kananzir: Yadda Farautar Wel Ta Zama Masana'anta

Kafin a haƙa rijiyar fetur ta farko a Amurka, da kitsen wata dabbar teku ake kunna fitilun titi a manyan biranen Turai. Ita ce wel, wadda bakin mutane ya saba kira kifi, alhali da huhu take numfashi, tana haihuwa kuma tana shayarwa. Mutanen Basik na gaɓar Faransa da Sifaniya sun mai da farautarta sana'a tun wajen ƙarni na 11, amma inda harkar ta yi ƙamari shi ne tsibirin Nantaket da garin Niyu Bedfod na jihar Masachuset. A 1857 Niyu Bedfod kaɗai tana da jirage 329.

Aiki ne na sai da rai. Da mai tsaron saman jirgi ya hango feshin numfashin dabbar, sai a sauke ƙananan kwalekwale, mutum shida a kowanne. Su matsa dab da ita, a cilla mata mashi mai ƙugiya ɗaure da doguwar igiya, ita kuwa ta fizgi kwalekwalen da gudu har ta galabaita, sannan a soke ta. A jikin jirgi ake feɗe kitsen, a yayyanka, a zuba cikin manyan tukwanen ƙarfe da aka girke a murhun bulo a tsakiyar jirgin. Ƙanzon da ya rage bayan an tsame mai, da shi ake iza wutar. Wani nau'in wel ma a cikin kansa man yake, da guga ake ɗiba, kuma da shi ake yin kyandir mafi tsada.

Tafiya guda takan ci shekara uku zuwa huɗu, kuma ba albashi, sai kaso daga ribar da aka samu. Sabon shiga yakan dawo gida da bashin tufafi da taba a wuyansa. Idan ma'aikata suka yi ƙaranci, jiragen sukan tsaya a tsibiran Kef Bad da ke yammacin Senegal su kwashi samari, jikokinsu na nan a Niyu Bedfod har yau. A 1820 wata wel ta fasa jirgin Essex a tekun Fasifik, labarin da Herman Melville ya ɗora littafinsa Moby-Dick na 1851 a kai.

Ana yawan cewa kananzir ne ya ceci wel. Gaskiya ne bayan Edwin Drake ya haƙo mai a Fensilbeniya a 1859 kasuwar man wel ta Amurkawa ta fara mutuwa. Amma ni ban yarda da wannan zance ba, domin mummunar ɓarnar daga baya ta zo. A 1870 wani ɗan Norwe, Svend Foyn, ya yi rajistar igwa mai harba mashi da nakiya a bakinsa, aka ɗora ta kan jirage masu tururi. Manyan wel da a da suka fi ƙarfin masu tuƙi da filafili, har da shuɗiyar wel wadda babu dabbar da ta kai ta girma, yanzu ba su da wurin gudu. Aka kafa mayanka a wani wuri da ake kira Grytviken a 1904, a 1925 kuma aka fito da jirgin da ke jan gawar dabba sukutum zuwa cikinsa. Man ya koma sabulu da man shafa wa burodi. An ƙiyasta cewa a ƙarni na 20 kaɗai an kashe kusan miliyan uku, abin takaici ƙwarai.

Hukumar duniya da aka kafa a 1946 don tsara farautar ta daɗe tana raba wa ƙasashe kaso maimakon ta tsawatar. Sai a 1982 ta yanke a dakatar da farautar kasuwanci, dokar ta fara aiki a 1986. Norwe ta ƙi amincewa, Aislan ma ta koma farauta daga baya, Japan kuwa ta fice daga hukumar a 2019 ta ci gaba da kamu a ruwanta.