Ɗakin Duhu: Mai Kallo da Wanda Ake Kallo

A ɗakin kakata na fara ganin abin, tun ban san yana da suna ba. Ɗakin ƙasa ne marar taga, da ƙyauren kwano wanda ƙusa ta taɓa hudawa. Idan rana ta take aka rufe mu ciki don mu yi barci, sai in ga siffofi suna gilmawa a bangon da ke fuskantar ƙofa: akuya tana tafiya ƙafafu a sama, matar kawuna ta wuce da tulu, tulun a ƙasa ita a bisa. Ban gaya wa kowa ba, domin na ɗauka aikin aljanu ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ina ganinsu, su kuwa ba su san ana ganinsu ba.

Sai da na girma na gane cewa wannan al'amari yana da tarihi mai tsawo. Turawa suna kiransa kamera obskura, wato ɗakin duhu da harshen Latin, sunan da ya fara fitowa a rubutun masanin taurari Johannes Kepler a 1604. Sirrinsa kuwa ba shi da wuya. Haske a miƙe yake tafiya. Wanda ya taso daga kan mutum, idan ya ratsa ƙaramar huda, ƙasan bango zai sauka, na ƙafarsa kuma ya haura sama, sai siffar ta fito a kife. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya jera fitilu a gaban kafar wani ɗaki mai duhu, ya lura cewa kowace fitila tana da nata ɗigon haske a bango, in an rufe ɗaya ɗigonta kaɗai ke ɓacewa. A hannunsa, ɗakin duhu kayan bincike ne, fitila da rana yake kallo.

Mutane suka shigo cikin hoton ne a Italiya. Giambattista della Porta na birnin Napoli, a bugun 1589 na littafinsa kan abubuwan al'ajabi, ya ba da shawarar a sa gilashi mai tattara haske a hudar, sannan a shirya wasan farauta ko na yaƙi a waje, baƙi suna zaune cikin duhu suna kallo a jikin farin ƙyalle. Waɗannan 'yan wasa ne, sun san da masu kallo. Ba haka abin ya ci gaba ba.

Masu hali suka mai da shi ƙawar gida. Mawaƙin Ingila Alexander Pope ya haƙa kogo a ƙarƙashin gidansa da ke Twickenham, kuma a wata wasiƙa ta 1725 ya bayyana yadda, in an rufe ƙofofin kogon, kogin Thames da jiragen ruwansa ke bayyana a bango. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne Henry Carter Galpin, mai gyaran agogo a garin Grahamstown na Afirka ta Kudu, wanda yanzu ake kira Makhanda. A 1882 ya ɗora 'yar hasumiya a kan gidansa ya kafa na'urar a ciki. Madubi ne a ƙololuwa, a karkace, yana kamo titi ya sauko da shi ta cikin gilashi zuwa kan farin teburi. Ana juya madubin, garin ya zagayo. Ba na zargin Galpin da mugun nufi. Mutum ne mai son ilimin taurari da na'urori. Amma ina yawan tunanin masu wucewa a ƙasa, talakawa da barori da masu jan amalanke, waɗanda ke tafiya a kan teburin wani mutum ba da saninsu ba.

A Birtaniya ne aka buɗe wa jama'a wannan ƙofa. Na garin Dumfries, wanda aka kafa a 1836 cikin tsohon ginin injin niƙa mai aiki da iska, har yau yana aiki. A Edinbara, wata mace mai suna Maria Short ta buɗe wurin kallo a tudun Calton a 1835, don duk mai kuɗin shiga. Hukumomin birni suka tashe ta, sai ta koma kusa da fadar birnin a 1853 ta gina abin da ya fi na da. A nawa ganin, nan ne tarihin ya juya: leburan da jiya ake kallonsa, yau ya biya 'yan sulallansa ya hau sama yana kallon attajiri.

Sai dai ido ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. A 1824 wata mujallar Gilasgo ta ba da labarin wani da ke kallo a ɗakin duhu lokacin bikin kasuwar birnin, ya hango ɗan sane yana zura hannu a aljihun wani, ya fito da gudu aka kama ɓarawon. Mujallar ta ga amfanin abin ga masu tsaron gari. A garuruwan bakin teku kuwa, inda irin waɗannan rumfuna suka yawaita, masu zanen barkwanci na zamanin sun sha nuna saurayi da budurwa sun keɓe a bayan dutse, alhali cikin ɗaki ana ta dariyarsu. Kama ɓarawo da leƙen asirin masoya duk a kan teburi ɗaya suka faru, kuma ban ga yadda za a karɓi ɗaya a ƙi ɗayan ba.

Patrick Geddes, masanin tsara birane da ya karɓi hasumiyar Maria Short a 1892, ya yi ƙoƙarin ba kallon wata manufa. Yakan hau da baƙi sama, ya nuna musu unguwannin masu kuɗi da lungunan matalauta a fili guda, don su ga birni a matsayin jiki ɗaya.

Ɗaukar hoto ta bayyana a 1839, daga cikin ƙaramin akwatin duhu ta fito, sannan silima ta zo ta janye 'yan kallo, rumfuna da yawa suka rushe. Duk da haka an sake gina na Aberystwyth a 1985, an kafa sabo a hasumiyar Tavira ta birnin Kadis a Sifaniya a 1994. Na daɗe ina tambayar kaina me ke kai mutum can, alhali waya na aljihunsa. Amsar da na samu ita ce ɗakin duhu ba ya ajiye komai. Na'urorin tsaro da ke kan titunan yau suna naɗewa su adana. Shi kuwa da gajimare ya tare rana, shi ke nan, hoton ya tafi. Wannan ya rage masa laifi a wurina, ko da yake bai wanke shi sarai ba.

A Edinbara har yanzu jagoran baƙi yakan miƙa farar takarda a kan teburin, ya tari wata mai wucewa a titi, ya ɗaga ta sama a kan takardar. 'Yan kallo su fashe da dariya. Ita kuwa tana can ƙasa da jakarta, tana sauri kada mota ta wuce ta.