Mai Gunduma

Da Turawa suka fasa ganuwar Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, alhali Sarki Alu yana Sakkwato, yaƙin bai wuce hantsi guda ba. Amma wahalar da ta biyo bayansa, wato ta zama da ƙasar da aka ci da ƙarfin bindiga, ita ce ta faɗa a wuyan wani likita, Dokta Featherstone Cargill, wanda Gwamna Lugga ya bari a matsayin Razdan tare da sabon Sarki Abbas.

Wanda ya san karkarar arewacin birni, daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa har Ɗambatta, inda a wancan zamani gona ke manne da gona, jakuna na ɗauko takin birni da rani, ba a kuma barin ko gona ɗaya ta huta, zai gane dalilin da ya sa hankalin Cargill ya koma can. Nizamin da ya tarar shi ne, hakimai suna zaune cikin birni kusa da fada, garuruwansu kuwa a warwatse, wannan gabas wancan yamma, ta yadda ƙauyuka biyu masu shan rijiya ɗaya kowanne da ubangidansa. Jakada shi ne idon hakimi. Idan kaka ta yi sai ya sauka gidan dagaci, a yanka masa kaza, a ƙirga masa kuɗin ƙasa da wuri, a ware damin zakka, kafin kuma dukiyar ta isa fada hannaye da yawa sun taɓa ta.

Cargill ya ga wannan a matsayin ɓarna, sai ya tattara garuruwan da ke maƙwabtaka ya mai da su gundumomi, ya tilasta wa kowane hakimi ya bar birni ya tare a ƙasarsa, Madaki a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Ɗambatta. Daga nan Kanawa, da ba sa barin Bature ba laƙabi, suka sa masa Mai Gunduma. A ganina ya fahimci lissafi fiye da yadda ya fahimci mutane, domin talakan da a dā yake ciyar da jakada 'yan kwanaki a shekara, yanzu ga hakimi da dawakinsa da barorinsa a ƙofar gida, rani da damina.

Tsakaninsa da Sarki Abbas kuwa ba a taɓa shan inuwa ɗaya ba, har ta kai ya ɗauki Ɗan Rimi Allah Bar Sarki, bawan sarki, ya ɗora shi a kujerar Waziri, abin da fada ta ɗauka cin fuska ne ƙarara. A 1908 ya sa aka ƙone takardun ofishinsa, aka ce lafiyar hankalinsa ta taɓu, aka sallame shi. Temple, wanda ya zo a matsayin Razdan a 1909, ya warware naɗin Wazirin, ya gyara zama da Sarki, amma hakiman da aka fitar ƙauye bai mai da su birni ba.